Kakanni Bakwai, Babu Mace Ko Ɗaya

Ina zaune a bakin ƙofa ina mulmula kurut, cukun da muke busarwa, hannuna duk nono, wayar Nurjamal ta shigo. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce mini Arstan ya cinna wa ciyawar maƙwabcinsu wuta. Nurjamal 'yata ce, Arstan kuma ɗanta na fari, shekararsa goma sha huɗu a lokacin. Na tambaye ta tari nawa ya ƙone, ta ce duka. To a ƙasarmu ta Narin, duwatsu sun riga sun fara fari, mutum ya ƙare watannin zafi yana yanka yana jibgewa don tumakinsa su ga bayan hunturu, yaro ya zo ya mayar masa da wahalarsa toka. Na goge hannu, na rufe kaji, na tari motar da za ta kai ni ƙauyensu.

Bari in gaya muku yadda gidan nan yake, don ku san inda fushina ya samo asali. Ana yaye Arstan kakansa na wajen uba, Toktosun, ya karɓe shi, kamar yadda ake yi da ɗan fari. Ya zama autan tsohon. Uban da ya haife shi, Esen, yaya yake ce masa, uwarsa kuma matar yaya. Esen yana Mosko yana aikin gini, sai shekara-shekara ake ganinsa. Nurjamal tana cikin gidan, ita ce girki, ita ce tatsa, ita ce wanki, amma ba ta da bakin cewa yaron nata ne, balle ta tsawata masa a gaban surukinta. Ni ma haka aka yi mini da nawa ɗan farin, kuma ga shi can da rai da lafiya yana tuƙa babbar mota, don haka ba wannan nake kuka da shi ba.

Arstan tun yana ƙarami ba ya jin magana. Ƙarya ko ba a tambaye shi ba sai ya yi. Ya fasa wa ɗan ajinsu haƙori, ya saci wuƙar mahauci, ya taɓa yanke wutsiyar dokin wani dattijo, abin da sai mai doki ya mutu ake yi. Toktosun ya yi ta zuba masa bulalar doki har bulalar ta tsinke. Amma ni da yake zuwa wurina hutun makaranta, na ga wani abu daban a ƙarƙashin wannan. Wani zuwan zai iso mini ido jajir, ba barci, ba zama, baki kamar rediyo, yau zai sayi dukan dawakin kwarin nan, gobe zai gina gada da hannunsa. Wani zuwan kuma ya shige bargo ya juya wa bango fuska, ko miyar da yake so ba ya taɓawa. Na taɓa faɗa wa Toktosun a wajen wani biki. Ya ce na farkon jinin maza ne, na biyun lalaci, kuma duka biyun bulala tana maganinsu.

Da na isa, a saman rufin garken tumaki na tarar da yaron, yana kaɗa ƙafafu.

"Kaka, kin zo ta'aziyyar ciyawa?"

"Sauko, ja'iri, in ja wannan kunnen naka da ba ya aiki."

Ya diro kamar akuya, ya hau zuba. Wai so ya yi ya ga ko wutar za ta wuce doguwar bishiyar bakin rafi, kuma ta wuce. Yana dariya har da riƙe ciki yana kwaikwayon yadda Sagin, mai ciyawar, ya fito da bokiti ɗaya ba takalmi. Babu ko ɗigon nadama a fuskarsa, sai da na riƙe hannuna don kada in mare shi. Can sai ya rage murya ya ce kansa ba ya tsayawa, kamar an saki goɗiyoyi a ciki. Kafin in buɗe baki ya tsallake katanga ya yi gaba.

Sagin ya kai ƙara, kuma ban ga laifinsa ba. Ɗan sanda ya ce wannan karon kwamitin yara na gunduma zai zauna, kuma abin da ke gabansu shi ne a kai Arstan gidan kangararrun yara, can nesa, inda ake aske musu kai a kulle ƙofa. Amma kafin su zauna sai likitar ƙwaƙwalwa ta gan shi ta faɗi nata.

Muka tafi garin gunduma a tsohuwar motar Toktosun. A ɗakin likita shi ya zauna a kujerar gaba, doguwar farar hularsa a kan gwiwa. Matarsa Kalbubu ta zauna a bayansa, mace ce da za ka yini da ita ba ka ji muryarta ba. Nurjamal ta tsaya a bakin ƙofa, kai a ƙasa, kamar yadda matar ɗa take tsayawa. Ni kuwa na jawo kujera na zauna kusa da tebur, don ban zo daga nesa in tsaya a bayan kowa ba.

Likitar yarinya ce, ba ta kai Nurjamal ba, amma tana da haƙuri. Ta fara ganin Arstan shi kaɗai, daga nan ta sa ya jira a waje da ɗan sandan. Ta yi mana bayani a hankali. Ta ce akwai yaran da kangara ce kawai take damunsu, faɗa da sata da ƙarya, su hanyarsu daban. Akwai kuma waɗanda a ƙarƙashin kangarar akwai wani ciwo da yake ɗaga mutum sama har ya kasa barci ya ga babu abin da ya fi ƙarfinsa, sannan ya kayar da shi ƙasa har ya ƙi rayuwa. Ta ce abubuwan nan biyu sukan bi jini tare a wasu gidaje, shi ya sa take son sanin dangi. Idan irin wannan yaron aka kulle ba magani, ana iya rasa shi gaba ɗaya. Amma ita ganin zama ɗaya ta yi masa, ba za ta tsaya gaban kwamiti da zato ba, sai mutanen gida sun ba ta abin da za ta riƙe.

Ta tambayi yadda yake barci. Toktosun ya ce kamar gungume. Na ce a gidana dai ba haka ba ne. Ya ce a gidana shayi nake ɗura masa ba ƙaƙƙautawa, wa zai yi barci. Sai ta tambaya ko a danginsu an taɓa samun mai irin wannan hawa da sauka.

Nan tsohon ya gyara zama, kamar an taɓo masa inda yake so. Ya ɗaga hannu ya fara lanƙwasa yatsu. Shi Toktosun ɗan Abdilda, wanda ya yi yaƙi ya dawo da ƙafa ɗaya ya ci gaba da hawan doki. Abdilda ɗan Jumabai, wanda ya ciyar da ƙauye a shekarar yunwa. Jumabai ɗan Satke. Haka ya yi ta yi har kakanni bakwai, kowanne da labarinsa, babu inda ya yi tuntuɓe. Ya ce waɗannan su ne danginsa, a je a tambayi kowa a kwarin nan ko an taɓa jin ɗayansu ya taɓu.

Likitar ta ce mata fa. Ya dube ta kamar ta tambaye shi sunayen tumakinsa. Ya ce 'ya mace ta gidan wasu ce, ba a ƙirga ta a cikin kakanni, kuma shi 'ya'yansa uku ne, duk maza. Daga nan ya nuna ni da haɓa, ni da yake kira kudagi, wato uwar matar ɗansa, ni kuma ina ce masa kuda.

"In jini kike nema, ga dangin uwa nan. Tambayi kudagi yadda mijinta ya ƙare."

Jama'a, sai da na ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Na ce, "Kuda, mijina ya sha giya, ban taɓa ɓoyewa ba, ita ta kashe shi. Amma ya mutu bai ƙona wa kowa ko tsinke ba, kuma ba za ka tono shi daga kabari ka rufe bakin likita da shi ba."

Na juya na lissafa wa likitar namu kaf, maza da mata, mai hawan jini, mai ciwon ƙafa, gwaggona da ta makance, ƙanena mai rowa. Ta saurara, ta ce mu dawo ranar da kwamitin zai zauna, ta sake ganinmu da safe, ko wani zai tuna wani abu.

A mota babu wanda ya yi magana sai Arstan, shi kuwa bai yi shiru ba har gida. Ni abu ɗaya ne yake ta juyawa a kaina. Uku, duk maza. Ai na zo bikin Nurjamal a gidan nan, kuma na tuna wata doguwar yarinya mai kitso har baya da ta yi ta rawa har makaɗa suka gaji, aka ce mini 'yar gidan ce. Daga baya da na tambaya aka ce ta yi aure can kudu, mutanen mijin ba sa barinta zuwa.

Da la'asar na bi Nurjamal rafi ɗiban ruwa, inda babu mai jinmu. Na ce mata ina doguwar yarinyar nan. Ta ajiye bokiti, sannan ta ce 'Yar Lele nake nufi. Matar ɗa ba ta kiran sunan dangin mijinta, sai ta laƙaba musu nata, to ita wannan ta laƙaba mata. Ni na tono sunan da kaina, Zura.

Abin da ta gaya mini a bakin rafin nan ban taɓa jinsa ba, ni uwarta. Ta ce ta shigo gidan tana amarya ta tarar Zura ta riga ta gagari kowa. An kore ta daga makaranta don faɗa, tana ɗauke kayan mutane, tana gudu daga gida. Watannin farko na auren Nurjamal sai Zura ta daina barci, ta yi ta ɗinkin shimfiɗun ulu ba tsayawa, tana waƙa, tana raba kayan ɗakin uwarta ga masu wucewa. Toktosun ya ɗaure ta da igiyar maraƙi a ɗakin bayan garke, ya ce wa maƙwabta ta tafi ziyara. Nurjamal ce aka sa take kai mata abinci. Bayan nan Zura ta kwanta ta daina ci, har ranar da Nurjamal ta shiga ta ƙwace igiyar daga hannunta tana shirin rataye kanta. Sai aka sa ta a mota aka kai ta asibiti a Bishkek, babban birninmu, tsohon ya dawo ya ce daga yau ba shi da 'ya.

Na ce tana raye. Ta ce tana raye, tana ɗinki a wani shago a birni, tana shan maganinta, shekara da shekaru ba ta sake kwanciya ba. Sukan yi waya in babu kowa a gida.

Ban san lokacin da na ture bokitin ba. Na ce mata ashe ta iya tsayawa a bakin ƙofa tana jin ana tambayar abin da ta sani, ɗanta zai tafi inda za a kulle shi, ita tana gadin harshenta. Na ce mata ban haifi bango ba, mace na haifa. Ta yi kuka ba sauti. Ta ce Inna, ke za ki koma gidanki, ni a nan nake kwana. In ta buɗe baki tsohon zai kore ta, Esen kuma bai taɓa ɗaga ido ya kalli ubansa ba, ga ƙananan yara biyu. Na san gaskiya ta faɗa, shi ya ƙara mini haushin.

Na ce to bari in gwada tsohon da kaina. Washegari da hantsi muna shan shayi, Kalbubu tana zubawa, na ce masa na tuna yana da 'ya, kuma na san inda take. Ban ambaci wanda ya gaya mini ba, na ce a kasuwa na ji. Na zaci zai musa. Bai musa ba. Ya kurɓi shayinsa, ya ajiye, ya yi mini magana a natse, kuma wannan natsuwar ita ce har yau ban yafe ba.

"Kudagi, yaro namiji in an ce ya yi taurin kai an kai shi horo, ba abin kunya ba ne. Zai dawo, a ce ya yi ƙuruciya. In kuwa aka ce akwai hauka a gidan Toktosun, ina da jikoki mata, wa zai zo nemansu? Na auna duka biyun."

"Ka auna, ka ga jikanka ne mai sauƙin bayarwa."

"Ɗana ne, ba naki ba. Ni na raine shi."

"Ita ma kai ka raine ta."

Ya ce in na kuskura na faɗa a gaban likita, zai ce ƙaryar suruka ce da aka taɓa mata miji take neman ramuwa, ban taɓa kwana a gidan ba a lokacin, ban ga komai da idona ba. Na dubi Kalbubu, uwar da ta yi naƙudar yarinyar nan. Ta ɗauki butar shayi ta ƙara mini, alhali kofina a cike yake, har ya zube a kan ledar tebur.

Kafin ranar kwamiti Arstan ya fara saukowa. Bakin ya mutu, ya daina hawan rufi. Na same shi zaune a bayan garke yana tsinke gashin wata tsohuwar fata, na miƙa masa burodi da man shanu, ya ce in ba kare. Wai gara ma a kai shi can, ko a kai shi ko'ina, duk ɗaya ne. Na gaya wa Nurjamal abin da ya ce. Ta ci gaba da murza fulawa kamar da ita take faɗa.

Ranar muka koma, kowa ya zauna inda ya zauna a da. Wannan karon likitar ta bar yaron a ciki, yana gefe ya sunkuyar da kai. Ta dube shi da kyau, na ga ta lura ba yaron da ta gani ran nan ba ne. Toktosun ya ce ai tsoro ne ya kama shi, ya ga uwar bari. Ta tambaya ko wani ya tuna wani abu. Na ce na tuna, na faɗi abin da na sani. Tsohon ya yi yadda ya ce zai yi, har da girgiza kai yana tausaya mini. Likitar ta tambaye ni ko na gani da idona. Na ce a'a. Ta tambayi Kalbubu, Kalbubu ta kalli ƙeyar mijinta. Likitar ta yi ajiyar zuciya ta dubi agogo, don a ɗaya ginin mutanen kwamiti sun fara taruwa.

Sai muka ji murya daga bakin ƙofa.

"Ni na gani."

Toktosun bai ko juya ba. Ya ce wa matarsa ta gaya wa yarinyar nan ta je ta jira a mota.

Nurjamal ta tako har tsakiyar ɗakin.

"Sunanta Zura. Zura 'yar Toktosun. Ni na riƙa kai mata abinci tana ɗaure. Baba, ka yi haƙuri, yaron nan ni na haife shi."

Shekara goma sha biyar tana gidan, ranar ce ta fara kama sunan surukinta, kuma a gabansa, a gaban baƙuwa. Ni kaina da nake ta zuga ta sai da tsigar jikina ta tashi. Kalbubu ta rufe baki da gefen ɗankwali.

Da ta fara kuma ba ta tsaya ba. Ta faɗi na Zura tun daga korar makaranta har igiya. Ta faɗi na Arstan, don ita ce ƙarshen kwanciya a gidan kuma ita ce farkon tashi, ta san lokutan da shimfiɗarsa take kwana ba a taɓa ba, ta san lokutan da take mayar da kwanonsa a cike. Ta ce da safen nan ta kira Zura daga bayan garke, Zura ta ce a ba likita lambarta, ita ba ta jin kunyar ciwon da take shan maganinsa. Likitar ta karɓi wayar ta fita.

Toktosun ya miƙe, ya sa hularsa, ya gyara ta da hannu biyu. Bai kalli Nurjamal ba. Ya ce wa bango wadda ta kama sunansa ta nemi gidan da ake yin haka ta zauna. Ya fita, Kalbubu ta bi shi. Muka ji tashin motar.

Arstan ya ɗago kai a karo na farko, ya dube ni ya ce, "Kaka, ashe ina da gwaggo?" Na ce yana da ita, kuma an ce ta fi shi iya rashin ji.

Likitar ta daɗe a waya. Da ta dawo ta ce ba za ta yi mana alkawarin abin da ba ta tabbatar ba, amma yanzu tana da abin da za ta tsaya a kai. Ta shiga wurin kwamitin, muka zauna a benci muna jira, Sagin yana ɗaya gefen yana harararmu. Suka fito da cewa an dakatar da maganar gidan kangararru, a kai yaron Bishkek likitocin yara su riƙe shi su duba. Ciyawar Sagin kuma tana kan gidan Toktosun, wannan babu wanda ya yi gardama.

Nurjamal ta kira Esen a tsakar gidan asibitin. Shi kuwa bai ce ta kyauta ba, bai ce ta yi laifi ba, ya ce su sauka a wurin ƙanwarsa Zura. A gidana suka kwana, da safe na sa su a bas.

Likitocin can sun riƙe shi har dusar ƙanƙara ta rufe hanya, suka ce ciwon ne, tare da kangarar. Suka sa shi a magani, da wata mata da yake zuwa suna magana. Kada ku ce ya zama waliyyi. Har yanzu yana ƙarya, ya sayar da almakashin Zura, ita kuma ta bi shi har bakin titi da takalmi a hannu. Amma yana kwana a gado, yana zuwa makaranta mafi yawan ranaku, kuma ƙofar da yake kwana a bayanta daga ciki ake kulle ta. Nurjamal ta samu keken ɗinki a shagon su Zura.

Da hanya ta buɗe na je ƙauyen kwaso kayan sanyin Nurjamal da ƙananan yaran biyu, don Esen ya yi abu ɗaya a rayuwarsa, ya ce a ba uwarsu 'ya'yanta. Toktosun yana ganina ya ɗaura wa doki sirdi ya hau dutse. Na ɗaga murya na ce masa ya gaishe da kakannin nasa. Na shiga ina ninke kaya ina zage-zage ni kaɗai, sai ga Kalbubu a bakin ƙofa da ƙulli biyu na kurut. Ta ce ɗaya na yaron ne. Ɗayan ba ta ce na wa ba ne, ta dai tura mini shi, tana waigen hanya.

Na ce mata ni ba 'yar aike ba ce. Bas yana tashi kowace safiya daga bakin kanti, ƙafarta biyu lafiya lau, 'yarta tana da suna kuma tana da ƙofa. Ta tsaya riƙe da ƙullin, leɓenta yana motsi, babu abin da ya fito. Na jira ta, wallahi na jira, har ƙaramar yarinyar ta fara jan zanena tana cewa direba yana ta hon.

Na fizge ƙullin biyu na cusa a jaka. Na gaya mata wannan karon kawai, kuma zan faɗa wa Zura daga hannun wa ya fito, da yadda aka ba ni shi a ɓoye, ita ta san abin da za ta yi da shi. Na kama hannun yaran muka fita.